Kwali a Ƙarƙashin Babur ɗin Baba

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Wannan littafin gwajin kimiyya ne na makaranta. Na juya shi ta baya ina rubutu, tunda ba na jin zan shiga ɗakin gwaji nan kusa.

Yau mun faɗi. Muna dawowa ne daga asibiti, wajen gashin da ake yi wa Baba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Tela maƙwabcinmu ke tuƙa babur ɗin Baba, Baba yana tsakiya an ɗaure shi da zanin Umma a bayan Tela, ni kuma ina can baya ina riƙe da shi. A kwanar famfo Tela ya taka burki, sai tayar baya ta zame kamar an fizge tabarma. Na kuje gwiwa. Wandon Tela ya yage. Baba ya faɗi ta ɓangaren da ba ya ji, saboda haka bai yi ƙara ba. Ya dube ni kawai ya ce, "To." Kalmar da ta rage masa ke nan tun ranar nan.

Tela ya shafa taya, ya nuna min yatsansa. Baƙin mai ne.

Ya ce, "'Yar boko, kin gani? Tsohon babur ɗin nan fitsarin kwance ya fara. Ni allura na iya, ban iya inji ba. Ba zan sake ɗora mara lafiya a kansa ba sai ya daina. Ba ƙi na yi ba, tsoro nake ji."

Na sunkuya ina duba gwiwata. Kullum haka nake, sai na dawo gida amsa take zuwa min.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin babur ɗin jiya. Yau akwai tabo mai faɗin tafin hannuna.

Talata, ƙarfe 4:00 na yamma

Baffa, yayan Baba, ya bugo wa Umma waya. Wani ya kai masa labarin faɗuwar. Da ƙarfi yake magana, har ni da nake wanke-wanke ina ji.

Ya ce ranar Asabar, 22 ga wata, zai zo da mota ya tafi da Baba ƙauye, ya zauna cikin 'yan'uwansa ya huta. Ya ce a daina jan mutum a titi kamar buhu. Umma ta ce, "Yaya, ai gashin yana yi masa amfani, ya fara motsa yatsan ƙafa." Baffa ya ce, "Da me za ku kai shi? Da wannan gwangwanin da ya kusa ƙarasa shi? In kuna da abin kai shi lafiya, ban hana ba. In babu, ku ba ni ɗan'uwana. Mutumin da bai ma san inda yake ba."

A ƙauye babu ɗakin gashi. Mu kuma ba za mu bi shi ba, Umma tana aikin shara a ofis, in ta bari ba mu da komai. Masu babur na haya biyu na tsayar a bakin titi, duk suka ce ba sa ɗaukar wanda ba ya iya riƙe kansa.

Ya san inda yake. Ni na san ya sani.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Ba mu je gashi ba. Ban je makaranta ba.

Na tura babur zuwa wurin bakaniken bakin kasuwa. Na shirya abin da zan ce tun daga gida, har na jera shi ɗaya, biyu, uku. Da na isa, maza biyar suna zaune a benci, sai bakina ya mutu. Na nuna ƙarƙashin injin da hannu.

Bai ko durƙusa ba. Ya taɓa shi da tsinin takalmi ya ce, "Wannan ai ya girme ki. Sai an sauke inji an tsaga shi biyu, kuma kayansa sun daina zuwa. Ki ce wa babanki ya kai shi wurin 'yan gwangwan."

Wani a benci ya ce, "Ko a kai shi gidan tarihi." Suka yi dariya. Na ce na gode. Ban san me na gode wa ba. Na turo shi har gida.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Kwali: tafin hannu da rabi.

Zanzaro ya yi gini a hancin butar shayin da muka daina amfani da ita. Umma ta ce gidan nan komai aka ajiye sai wani ya tare a ciki. Ta faɗa da wasa, amma ba wanda ya yi dariya.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Tun ina aji uku na firamare nake miƙa wa Baba sifana. Masinja ne a ofis, ba bakanike ba, amma bai taɓa barin wani ya taɓa babur ɗinsa ba. Yana cewa inda mai ya ɗiga ba nan ya fito ba, mai tafiya yake yi. Sai ka wanke, ka shafa hoda, ka tayar, ka bi sawu.

Na yi yadda yake yi. Ni da Umma muka fito da shi bakin ƙofa a kujera. Na wanke injin da kananzir da tsohon buroshin haƙori har ƙarfen ya fito fari. Na jira ya bushe. Na ɗauko hodar Umma na barbaɗa ko'ina. Umma ta ce, "Hodar tawa ce ta koma ta ƙarfe? To Allah ya sa ya samu miji."

Sau tara na buga kik kafin ya tashi. Na durƙusa ina kallo. Murfin sama, babu komai. Notin da ake zubar da mai ta nan, babu komai. Bayan minti shida wani siririn baƙin layi ya ratso cikin hodar, daga bayan murfin sarƙa na hagu.

Na kwance murfin. A ciki akwai ƙaramin faifai mai haƙora da ke jan sarƙa. A bayansa akwai baƙin zoben roba da ya zagaye sandar da ke fitowa daga inji. Shi ake kira sil. Ya bushe, ya tsage, kuma gefe ɗaya ya turo waje. Daga nan mai yake hawa sarƙa, sarƙa ta watsa wa taya.

Na juya na ce, "Baba, sil ne?"

Ya ce, "Too." Mai tsawo.

Na lura da wani abu da ban gaya wa kowa ba. Yana da "to" iri biyu. Mai tsawon i ce. Gajeriyar, wadda yake yankewa, a'a ce. Ba sai an sauke inji ba ke nan. Na shiga banɗaki na yi kuka kaɗan, na wanke fuska na dawo.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 3:00 na rana

Baba ya yi ta nuna saman kwaba da hannun hagu. Gwangwanin madara ne. A ciki akwai sil sababbi guda uku a naɗe cikin leda, da igiya, da tsofaffin filogi. Uku. Mai kayan babur ya tabbatar min irinsu sun daina zuwa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 5:45 na yamma

Ba mu je gashi ba.

Notin faifan ya ƙi kwancewa. Tela ya zo da tef ɗin awo a wuya, ya hau ya danne burki, ni kuma na zura bututun ƙarfe a sifana na hau kai da ƙafa biyu. Da ya saki, sai na zube a ƙasa. Tela ya ce, "Injiniya ta ci ƙasa! A rubuta a littafin."

Na zaƙulo tsohon sil da bakin sukudireba a hankali don kar in karce ƙarfen. Na ɗauko sabo na tura. Sandar tana da tsagi-tsagi masu kaifi inda faifan ke zama. Ina turawa Baba yana cewa, "To. To. To." Gajeru. Na ji shi sarai, amma ina sauri. Leɓen robar ya yage, siririn zoben wayar da ke ciki, wato sifirin, ya faɗo ƙasa.

Saura biyu.

Kullum sauri. Kullum ni da sauri.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Ƙawata ta kawo min jadawalin jarrabawa. Ta ce Malamar Kimiyya tana tambayata. Na ɓoye hannuwana a cikin hijabi saboda farcen.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Yau na saurare shi. Duk abin da na ɗauka sai in ɗaga masa in jira. Guduma: gajeriyar to. Salatif: mai tsawo. Na naɗe tsagin sandar da salatif, na shafa giris a leɓen robar, na juya ɓangaren sifirin yana kallon cikin inji. Na sa guntun bututun roba a kai ina bugawa kaɗan-kaɗan, zagaye-zagaye, har ya zauna daidai da bakin ƙarfe. Na cire salatif, na mayar da faifai da sarƙa, na bar mata ɗan sassauci kamar yatsu biyu.

Da zan buga kik sai Baba ya fara dukan hannun kujera. Kumatunsa na hagu yana kumbura yana sacewa, yawu yana zubo masa. Umma ta ce ƙarar ce take damunsa, ta kira Tela suka mayar da shi ɗaki. Ina jin shi daga ciki. To. To. To.

Akwai abin da yake yi wa babur ɗin kowace safiya. Ba ruwansa da wannan aikin. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Kwali: babu komai! Fari tas. Na nuna wa Umma, ta rungume ni da tsintsiya a hannunta.

Alhamis, ƙarfe 12:10 na rana

Tela ya ce kafin a ɗora Baba sai ya gwada shi kaɗai, zuwa gadar sama da dawowa. Na tsaya a bakin lungu ina jira.

Turo shi ya yi da ƙafa. Takalminsa na hagu ya jiƙe sharkaf. Sabon sil ɗin ya turo waje ta gefe ɗaya, daidai yadda na samu tsohon, kuma leɓensa ya naɗe.

Bai yi zolaya ba. Da ma ya yi.

Saura ɗaya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Ban taɓa shi ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Umma ta fara ninke kayan Baba a jakar tafiya. Tana yi ne in ta ga na fita tsakar gida. Na ga hularsa ta aiki a sama. Me zai yi da hular aiki a ƙauye?

Malamar Kimiyya tana cewa in gwaji ya ba ka sakamako ɗaya sau biyu, ba kuskure ba ne, magana yake yi maka. Na rubuta: tsohon sil ya turo waje. Sabo ya turo waje. Ba jawo shi ake yi ba. Turo shi ake yi daga ciki. Me ke turo shi?

Ban sani ba. Ni 'yar aji biyar ce a sakandare. Ban sani ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Ba mu je gashi ba, karo na huɗu. Yatsan ƙafar ya daina motsi. Na yi ta matsa masa shi kamar yadda nas take yi. Yana kallon bango.

Na ce, "Baba, kana son tafiya ƙauye?"

Gajeriya.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Na mayar da lalataccen sil ɗin wurinsa don kawai in tayar da injin in saurara. Bayan ya yi zafi na kashe, na buɗe murfin da ake zuba mai. Ya yi "fis", kamar an buɗe kwalbar lemo. Iska ce a matse a ciki.

Inji yana tara iska a cikinsa in yana aiki. Dole tana da ƙofar fita. Na san ƙofar. Na san ta tun ranar Larabar da ta wuce, lokacin da yake kumbura kumatu. Na sani, na bari aka mayar da shi ɗaki.

Na rufe murfin. Na share tsakar gida sau biyu.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Zan rubuta, in ya so in yage shafin.

A bayan injin akwai siririn baƙin tiyo da ya sauko ƙasa, ba a haɗe da komai ba ta ƙarshensa. Kowace safiya kafin ya tayar, Baba yakan durƙusa, ya zare shi, ya goge bakin da gefen riga, ya busa sau uku, ya mayar. Umma tana ce masa Mai Sarewa. "Mai Sarewa, a busa mana mai daɗi yau." Ni na ɗauka ɗabi'a ce kawai, irin ta tsofaffi.

Ranar nan ina da gwajin lissafi ƙarfe takwas. Ina tsaye da jaka, yana durƙushe da tiyon a bakinsa. Na ce, "Baba, don Allah ka bar busar nan, kullum sai ka sa na makara." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce, "Yi haƙuri, Uwata." Sunan mahaifiyarsu gare ni, haka suke kirana shi da Baffa. Ya mayar da tiyon da sauri, ya miƙe da sauri. Bai gama miƙewa ba.

Likita ya ce da ma abin yana tafe, ko yana kwance a gado zai same shi. Na ji likita. Umma ba ta san na faɗi wannan maganar ba.

"Yi haƙuri, Uwata" ita ce jimlarsa ta ƙarshe.

Alhamis, ƙarfe 11:40 na safe

Na sa aka fito da shi bakin ƙofa. Na durƙusa inda ya durƙusa. Na zare tiyon, na goge da gefen hijabi, na busa.

Ko kaɗan iska ba ta wuce ba. Kunnuwana suka toshe.

Na miƙe wayar rataye kaya na zura. Busasshiyar laka ta zubo, gutsure-gutsure, da wasu ƙananan tsutsotsi a ƙudundune. Zanzaro ne. Sati shida babur ɗin ya yi a jingine lokacin da Baba yake kwance a asibiti, ba mai busawa. Ya shiga ya yi ɗaki uku a jere.

Na wanke da kananzir, na sake busawa. Ta wuce har ta tayar da ƙura a ƙasa.

Baba ya ce, "Tooo." Ban taɓa jin mai tsawon wannan ba. Idonsa na hagu yana zubar da ruwa.

Na ce, "Baba, ka yafe min." Umma tana tsaye da bokiti, ta ce, "Ya yafe miki me?" Na gaya mata. Ta ajiye bokitin. Sannan ta ce, "Ni da na shekara ashirin ina ce masa ya bar busar nan fa? Tashi ki gama aikinki, mara wayo kawai." 

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Sil na ƙarshe. Salatif, giris, sifirin yana kallon ciki. Awa ɗaya na yi a kan abin da bai fi minti goma ba. Duk bugu ɗaya sai in ɗago in dube shi.

Tela ya je gadar sama ya dawo sau biyu. Ya sauka ya cire takalminsa ya ɗaga sama yana nuna wa mutanen lungu. A bushe. Na barbaɗa sauran hodar Umma, na sa sabon kwali.

Jakar tana nan a bakin gado. Ba wanda ya kwance ta.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Baffa ya iso ƙarfe goma. Motar ta tsaya a bakin titi, direba yana ta danna oda. Ya gaisa da Umma, ya dafa kafaɗar Baba, ya ce a miƙo jaka.

Na shirya maganata ɗaya, biyu, uku. Bakina ya mutu. Sai na jawo kwalin daga ƙarƙashin babur na miƙa masa da hannu biyu.

Ya juya shi gaba da baya. "Mene ne wannan?"

Tela ya leƙo ta katanga ya ce, "Takardar sallama ce, Alhaji. Tsohon babur ya warke. Injiniya ce ta yi masa aiki, ni kuma nas."

Baffa ya ce, "Bakanike ya ce ya mutu, yarinya ta ce ya tashi. Wa ya koya mata?"

Na ce, "Baba." Da ƙyar ta fito.

Ya ce, "Uwata, mutumin da ko sunansa bai sani ba?"

Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na ɗauko akwatin kayan aiki na ajiye a gaban Baba. Na ce, "Baffa, ka tambaye shi da wanne ake kwance notin sarƙa. Ka riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya." Ya ɗaga filaya. To. Ya ɗaga ƙaramar sifana. To. Ya ce, "Ai duk abu ɗaya yake faɗa." Na ce, "Ka saurara da kyau." Ya ɗaga babbar. Too.

Baffa ya tsaya da sifanar a hannu. Ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya kira Baba da sunan da suke kiransa tun suna yara, ya ce, "Za ka bi ni gida?"

Gajeriya. Wannan karon ya ji ta.

Baba ya miƙa hannun hagu wajen babur, yana buɗe yatsu yana rufewa. Na zaro tiyon na goge na sa masa a baki. Ya busa. Iskar ta tsere ta gefen leɓen da ba ya rufuwa. Ya sake. Baffa ya sa yatsu biyu ya matse masa gefen bakin. A karo na uku ƙura ta ɗan motsa a ƙasa.

Baffa ya miƙe ya juya mana baya, ya daɗe yana gyara hula. Ya ce, "Tun yana da keke yake wannan fitinar." Sannan ya fita ya sallami direba. Ya ce zai zauna zuwa Litinin ya ga ɗakin gashin da idonsa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 6:50 na safe

Kwali: babu komai.

Nas za ta yi faɗa, zuwa biyar muka rasa. Jarrabawa saura kwana tara, ban buɗe ko littafi ɗaya ba. Yatsan ƙafar bai dawo ba tukuna.

Tela yana waje yana ɗaure zani a ƙugu, yana cewa rana tana yi. Na ce ya jira. Na durƙusa na busa sau uku. Ɗanɗanon baƙin mai ba ya fita a baki ko an kurkure.

Umma ta leƙo ta taga ta ce, "'Yar Mai Sarewa, za ku makara."

Na ce mu makara.